Ranin da Na Yi wa Fagen Kokawa Ban Ruwa

Akwai abin da mutum kan manta don ya wuce, akwai kuma wanda ko ya roƙe shi ya tafi ba zai tafi ba. Nawa shi ne ranin da 'yan kokawar kwalejin da ke bayan ƙauyenmu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya a hannun maɗori. Wannan rani ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina. An yi shekara ashirin ko kusa da haka, lokacin da wayar salula ta fara shigowa ƙauyukanmu na tsakanin Kura da Bunkure, mai ita ma sai ya hau tudun kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, yake samun yin magana. Amma har gobe in na jiyo gangar kokawa daga nesa, ba daɗi nake ji ba, wata irin gajiya ce ke sauko mini.

Ni manomi ne, tumatir da albasa da rani, shinkafa da damina. Kwaleji ban taɓa shigarta ta ƙofar gaba ba, sai ta baya, wajen filin wasa. Kokawar ma ban iya ba. Sau ɗaya na taɓa shiga fage ina saurayi, aka kayar da ni tun makaɗi bai gama gyara zama ba, daga ranar na gane rabona a bakin fage yake. To amma a bakin fagen nan, ba yabon kai ba, babu wanda ya kama ƙafata. Ni ne mai kirari, ni ne mai gardama da alƙalin wasa, ni ne mai rakiya duk garin da za a je. Na sha barin ruwa yana gudu a fangalin albasa in tafi kallo, in dawo in tarar ya haura gonar maƙwabci. Uwar 'ya'yana takan ce in an neme ni a gona an rasa kada a wahala, a bi ƙarar ganga.

Kwalejin ta kwana ce, ta maza, 'yan kokawarta kuwa su ne abin taƙamarmu a duk ƙauyukan da ke kewaye. Mai horar da su malamin wasannin makarantar ne, mutumin Filato, Kirista, wanda ya daɗe a cikinmu har Hausarsa ta fi ta wasu da aka haifa a nan. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda in bai yarda da abu ba sau ɗaya zai faɗa, a hankali, ya yi shiru. Malam kawai muke ce masa.

Zakaransu kuwa wani ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe, daga wani ƙauye a ƙasar Bunkure. Gajere ne kakkaura, ya tashi yana cilla kwandunan tumatir cikin mota tun yana ƙarami, don haka in ya kama mutum ya ɗaga, sai dai a yi masa addu'ar sauka lafiya. Kawu yake ce mini, ko da yake ba mu haɗa komai ba sai son kokawa. Abin da ke gabansa a wannan shekarar duk mun san shi. A ƙarshen rani akan yi gasar kwalejoji a Kano, kuma a nan ne masu zaɓar 'yan kokawar jiha suke zuwa su ɗauki wanda ya yi musu. Wanda aka ɗauka ya samu hanyar ƙaro karatu da abin rufin asiri. A bara ya kusa, aka ce masa ya ƙara ƙwari ya dawo baɗi. Gonar mahaifinsa ba ta kai a raba wa 'ya'yan gidan ba, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe a makaranta. In ta wuce shi, ta wuce.

Abin ya samo asali ne daga wata magana da ba ta kai ta kawo ba. A ƙarshen wasannin bara wata kwaleji ta cikin birni ta zo mana, muka yi musu kaye mai kyau. Da magoya bayansu suka rasa abin faɗa, sai suka koma kan fagenmu. Gaskiya fagen ba shi da kyan gani. Wani kwari ne cike da rairayi, nan tudu can rami, in ana wasa ƙasa na tashi ta shiga idon 'yan kallo. Wani mai tabarau a cikinsu ya ce wannan ai wurin birgimar jakuna ne, kuma abin kunya ne a garin da ruwa ke gudu dare da rana a rasa mai yayyafa wa fili. Mutane suka yi dariya suka manta. Ni ban manta ba. Ina da wannan halin, in aka faɗi magana a kan abin da nake so, sai ta kwana ta tashi da ni wata da watanni.

Da aka yi hutun ƙarshen shekara ɗalibai suka watse, Malam ya tafi gida Kirsimeti. Lokacin kuma ya zo daidai da yasar ƙananan kanal, inda mukan fito gayya mu kwashe lakar da ta taru a ciki mu tula a gefe. Wanda ba manomin rani ba zai ga baƙin taɓo ne kawai. Mu kuwa mun san darajarta, don in ka zuba ta a fangali albasa har murmushi take yi. Ina tsaye ina kallon tulin nan sai dabara ta faɗo mini, kuma a lokacin na ɗauka ba a taɓa yin mai hikima irina ba. Na ari amalanken shanu, na tara abokan kallo huɗu, mai gadin makarantar ya buɗe mana don ya san ni. Muka kwashe rairayin nan muka tara gefe, muka cike kwarin da laka, muka bi da katako muka baje shi sumul, yadda muke daidaita wurin rainon irin shinkafa. Na kawo injin ban ruwana na ja tiyo daga kanal ɗin da ya bi ta bayan shingen makarantar, na shayar da wurin har ya ƙoshi. Da ya sha iska muka barbaɗa ɗan rairayin a sama don ado, sauran kuma wani ya kwashe ya yi yaɓen ɗaki da shi.

Sai wanda ya zauna da mu zai gane wannan. Mu mutanen rani in muka ga ƙasa a bushe hannunmu ƙaiƙayi yake yi. A wurinmu ƙasar da aka baje aka ba ruwa ita ce ƙasar da aka kula da ita, wadda aka bari a warwatse kuwa ta marar zuciya ce. Don haka ban tsaya a nan ba. Duk bayan kwana biyu, in na idar da sallar asuba, sai in biya ta fagen in ba shi ruwa kafin in wuce gona, rana ta fito ta gasa shi.

Da aka dawo hutu shugaban makarantar ya yaba mana a gaban ɗalibai, ya ce ga irin haɗin kan da ake so tsakanin gari da makaranta. Kaina ya yi girma har hula ta yi mini kaɗan. Da yamma muna bakin fage Malam ya zo ya zagaya shi, ya buga dunduniyarsa a wuri biyu uku, ya tsuguna ya tona da yatsa. Ya fara da godiya, kamar yadda ya saba, sa'an nan ya ce, "Maigida, ƙasar nan ta yi tauri. Ɗan kokawa faɗuwa yake yi, yana son abin da zai karɓe shi."

Na ce, "Malam, kai ka san kamu, ƙasa kuwa bar mana ita, a cikinta aka haife mu. Kuma yaranmu kayarwa suke yi, ba faɗuwa ba."

Aka kwashe da dariya, har da ɗalibai. Zakaran namu ma ya taka wurin ya ce, "Kawu, ya yi kyau, ƙafa tana kamawa." Ai kuwa dole ya ce haka, tunda shi ba ya faɗuwa. Malam ya yi murmushi ya wuce. Wannan amsa tawa na daɗe ina maimaita ta a teburin mai shayi ina jin daɗi, yanzu kuwa ko a zuci ba na son tuna ta.

Ba wai Malam ya haƙura ba ne. Bayan kwana biyu na zo da safe na tarar an sassare fagen da fartanya, ashe shi ya sa ɗalibai su farfasa shi ya yi laushi. Raina ya ɓaci matuƙa. Na tayar da inji na jiƙa wurin, na ja katako na mayar da shi yadda yake, rana ta sake gasawa, ya fi da tauri. Sau biyu ana haka. A na uku sai na yi wa shugaban makarantar tsinke, na ce malaminsa yana wulaƙanta aikin da mutanen gari suka yi don Allah. Daga baya na ji an kira Malam an ce ya bar wurin yadda yake kada a ɓata da gari. Na kuma ji ya nemi a kawo tifar yashi, aka ce ya jira zango mai zuwa. Wani wurin da za su koma babu, don duk kewayen makarantar gonaki ne da filin ƙwallo mai tsakuwa. Baƙo ne, ga shugaba ya yi magana, sai ya koma roƙon yaran su riƙa sauke juna a hankali in suna gwaji. Kowa kuwa ya san saurayi in jininsa ya hau ba ya jin a hankali.

Wasan farko a gida muka ci. Fage fes, ba abin da ya tashi ya shiga idon kowa, baƙi suka sha kaye suka tafi suna ɗingishi, mu kuwa muka ce ƙarfin yaranmu ne. Wannan ce ranar daɗi ta ƙarshe a shekarar.

A makon da ya biyo baya wani ya dafa ƙasa a wajen gwaji, wuyan hannunsa ya tsage. Aka ce tsautsayi. Bayan kwana goma wani dogo da muke ji da shi ya faɗi a kan ƙugu, aka fitar da shi a kafaɗa. Sai mai haƙarƙari, sai mai gwiwa, sai wanda ƙeyarsa ta bugu ya yi kwana uku yana ganin jiri. Abin ya zama duk ranar da na doshi makarantar sai in riƙa tunanin yau kuma wa za a ɗauka. Ƙungiyar da ta fara shekara da zaratan samari ta koma ana cike gurbi da 'yan ƙananan aji waɗanda ko tsayuwar fage ba su iya ba.

Ban fasa rakiya ba, amma rakiyar ta zama aiki. Na tuna ranar da muka je wasa wajen Kumbotso a kan babur, ni da wani abokina. Zakaran namu ya kayar da abokin karawarsa cikin ƙiftawar ido, sauran yaranmu kuwa aka riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe baki zan yi kirari na rasa wanda zan yi wa. Muka kamo hanya da yamma, ga yunwa ga ciwon baya, ga tumatir ɗina can ya nuna ya fara zubewa don na bar ranar tsinka ta wuce. A hanyar nan na tambayi kaina me ya kai dattijo da iyali wannan wahala. Asabar ta zagayo kuma na sake hawa babur.

A teburin mai shayi kowa da fassararsa. Wasu suka ce baki ne ya kama yaran, an cika yabonsu. Wasu suka ce 'yan birnin nan da muka kunyata bara ne suka yi mana aike. Ni na fi karkata ga wannan, don ta fi daɗin faɗa. Muka sa aka yi addu'o'i, aka yi sadakar waina, aka kuma ba ni rubutu a jarka aka ce a yayyafa a fage. Wa zai yayyafa in ba ni ba? Na juye shi a ruwan da nake shayar da wurin, na ma ƙara yawan ruwan a wannan makon don maganin ya ratsa ƙasa sosai. In na tuna wannan sai in rasa dariya zan yi ko kuka.

Da addu'a ba ta tsayar da abin ba, sai muka juya kan Malam, kuma ni ne a gaba. Na ce guje-guje da tsalle-tsallen littafi da yake sa su ne suka cinye musu ƙashi, iyayenmu da suka yi kokawa ba su san wannan ba. Wata rana bayan an cinye mu a gida na tare shi a gaban jama'a na faɗa masa maganganun da ba su dace ba, har na ce wanda ba a haifa cikin abu ba ba zai iya riƙe shi ba. Ya tsaya ya saurare ni har na gama, ya dubi fagen, ya dube ni, ya tafi ya kama ɗalibin da ke ɗingishi suka wuce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni kuwa a kan nawa nake tsaye da ƙafa biyu, a zahiri ba a karin magana ba.

Duk da haka muna da sauran abin riƙewa. Zakaran namu lafiyarsa ƙalau, ba wanda ya kai shi ƙasa duk shekarar. Mukan ce wa juna ko kofi ya kuɓuce, in dai aka ɗauki yaron nan a Kano, ranin bai tafi a banza ba. Shi ma ya san haka. Ya rage wasa da dariya, in na gaishe shi sai ya ce, "Kawu, a dai taya ni da addu'a."

Saura kwana tara a tafi, ranar wata Alhamis bayan la'asar, suna gwaji na ƙarshe mai nauyi. Da safiyar ranar na ba fagen ruwa fiye da kullum, don ina son ya yi kyau. Tsakiya ta bushe ta ƙeƙashe, amma can gefen da inuwar darbejiya ke faɗawa akwai sauran danshi a ƙarƙashin ɗan rairayin. Malam ya haɗa shi da wani ƙaton ɗalibi mai nauyi, ya ce kamu kawai za su gwada, ban da ɗagawa. Suka sarƙe suna turin juna har suka kai gefen nan. Ina kallo ƙafarsa ta dama ta zame. Ya yi ƙoƙarin juyawa ya dawo tsakiya, sai suka tafi tare, ya sauka a kan kafaɗa a busasshen wurin, ƙaton nan a kansa. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an taka busasshen kara.

Bai yi ihu ba. Ya miƙe da kansa yana tallafe da hannun, gumi na zubo masa, ya dube ni ya ce ba komai, targaɗe ne. Amma kowa ya ga yadda kafaɗar ta sauka.

A babur ɗina na kai shi wurin wani tsohon maɗori da ke wani ƙauye ta wajen Bunkure, Malam na biye da mu. Wurinsa aka kai duk sauran. Tsohon ya shafa wurin a hankali, ya ce ƙashin ya karye kuma gaɓar ta goce, ko an yi sa'a sai an yi wata biyu kafin a yi maganar ɗaga hannu. Yaron ya tambaye shi ko akwai yadda za a yi ya shiga fage nan da kwana tara, ko da ɗauri ne. Tsohon ya ci gaba da jera kararen ɗori. A nan na ga hawaye a idon yaron da ban taɓa ganin ya yamutsa fuska ba.

Da aka gama ɗori tsohon ya wanke hannu ya ce shi fa abin ya ishe shi tunani. Tun ba a haife mu ba yake ɗora 'yan kokawa, a shekara bai fi ya ga ɗaya ko biyu ba, amma bana ga na shida daga wuri guda. Ya ce a zo a ɗauke shi gobe ya ga inda suke faɗuwa. Na ce ai mun riga mun yayyafa rubutu. Ya ce shi ba wannan ya tambaya ba.

Washegari da hantsi na kawo shi. Malam na nan, da wasu ɗalibai, da mai gadi. Tsohon ya shiga fagen yana dogara sanda, ya share ɗan rairayin da ƙafa, baƙar ƙasa ta bayyana tana sheƙi. Ya buga mata sanda, ta amsa ƙwas. Ya matsa gaba ya sake bugawa.

Ya ce, "Wannan ai daɓe ne. Wa ya yi wa fage daɓe?"

Tiyona na nan kwance a gindin shinge inda na bar shi jiya. Na saci kallon Malam, na ga ya kawar da kai yana duban gonaki. Da ya nuna ni da yatsa, ko ya rama zagin da na yi masa, da na fi samun sauƙi.

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Da me?"

"Da lakar kanal."

"Kana kuma ba shi ruwa?"

Na ce ina ba shi, duk bayan kwana biyu.

Tsohon ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba. Ya ce, "Allah ya kyauta. Kai ɗan nan, albasa ka ɗauke su?"

Ban san yadda na mayar da shi gida ba. Na dai tuna na dawo na zauna a bakin kanal har azahar, ga aiki jibge a gona na kasa taɓa komai. Duk faɗuwar da na gani a ranin nan ta riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, kowace da ƙararta. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba ne.

Ranar gasa na ce ba za ni ba, sai ga saƙo daga yaron cewa shi za shi, in zo mu tafi. Malam ya riga ya kai shi asibiti a birni an ɗauki hoton kafaɗar, maganar dai ɗaya ce da ta tsohon. Muka zauna cikin 'yan kallo, hannunsa rataye da ƙyalle a wuya. 'Yan ƙananan da makarantar ta kawo aka gama da su tun zagayen farko. Sunansa kuwa ba a cire daga takarda ba, don haka da aka zo kansa mai lasifika ya kira shi sau uku, yana zaune kusa da ni yana ji. Aka ɗaga hannun abokin karawarsa ba tare da ya yi gumi ba. Wani ne da yaron namu ya taɓa kayarwa har sau biyu, kuma shi aka ɗauka a ƙarshen ranar.

A motar dawowa na yi ta juya maganar a baki har muka wuce rabin hanya. Da ƙyar na ce masa ni ne sanadi, ya yafe mini. Ya daɗe yana kallon gonakin shinkafa ta taga, sai da muka kusa Kura ya ce, "Na sani, Kawu. Ai Malam ya faɗa maka."

Ni kaɗai na farfashe daɓen nan da diga, na hana kowa taya ni, ya ɗauke ni kusan mako guda. Na yi ta jigilar rairayi daga rafi a amalanke har kwarin ya koma yadda yake, nan tudu can rami, wurin birgimar jakuna. Na je na ba Malam haƙuri a teburin mai shayi, a gaban mutanen da na saba cika baki a gabansu. Ya ce ya wuce, shi ma da nasa laifin, da ya tsaya a kan maganarsa ko da za a kore shi. Wannan ma ba ta rage mini komai ba, ƙara mini nauyi ta yi. Bayan shekara guda aka yi masa canjin wurin aiki. Iyaye kuma suka riƙa hana 'ya'yansu shiga kokawa, ɗalibai suka koma ƙwallo, rairayin da na tara ciyawa ta cinye shi.

Yaron ya gama makaranta ya koma gona. Yanzu magidanci ne da 'ya'yansa, yana noman tumatir a ɗan abin da ya samu na gado da wanda yake aro. Kafaɗar ta warke, amma hannun ba ya wuce daidai kunne. Komai yana yi da shi, sai abu ɗaya: ba ya iya ɗaga kwando sama ya miƙa wa mai lodi a kan mota, shi da a da yake cilla shi shi kaɗai. Tun ranin da ya biyo baya, duk ranar da yake tsinka nakan bar tawa gonar in je in ɗaga masa. Bai taɓa nema ba, bai kuma taɓa hana ni ba. In ya hango ni sai ya ce, "Kawu, ka iso?" in ce na iso. Yanzu ƙarfi ya ƙare, 'ya'yana ke ɗagawa, ni sai dai in kama gefen kwandon don a ce da ni aka yi. Maganar fage ba mu sake yin ta ba ko sau ɗaya.

Abin da na koya ban same shi da araha ba, kuma ba ni na fi biyan kuɗinsa ba, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Na gane cewa son abu daban, saninsa daban, kuma sanin da kake taƙama da shi a gonarka iyakarsa kunyar gonarka. In wanda ya san aikinsa ya faɗa maka magana a hankali, kada ka auna ta da ƙarfin muryarsa, kada kuma ka ce don baƙo ne. Har yau in na ga busasshiyar ƙasa hannuna yana ƙaiƙayi, wannan ba zai bar ni ba. Amma yanzu nakan fara tambayar mai wurin me ake yi a kanta kafin in jawo tiyo.